BABI NA UKU: TSARIN BA DA IZINI BISA ƘA'IDA A MANHAJOJIN YANAR GIZO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan tantancewa, wato hanyoyin da manhaja take bi ta tabbatar da cewa wanda ya zo shiga cikinta shi ne ainihin wanda ya ce shi ne. A wannan babi kuwa za a duba mataki na gaba, wato ba da izini. Bayan manhaja ta san ko wane ne mutum, sai wata tambaya ta biyo baya: me aka yarda ya yi, kuma a kan wane abu? Za a fara da fayyace kalmomin da aka zaɓa, sannan a kwatanta lamarin da tsarin riƙon gona a mazaɓar Balan ta ƙaramar hukumar Gaya. Daga nan sai a kawo taƙaitaccen tarihin fannin, da yadda ƙa'idar izini take aiki, da misalan taskokin manhaja, da matsalolin da ake fuskanta.

3.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Tun da yake wannan fanni bai daɗe da shigowa harshen Hausa ba, ya zama wajibi a tsayar da kalmomin da za a yi amfani da su a cikin wannan nazari:

(i) Manhajar yanar gizo: ita ce manhajar da take zaune a wata babbar kwamfuta can nesa, mutum yana shiga cikinta ta intanet da waya ko kwamfuta, kamar shafin rajistar ɗalibai na jami'a.

(ii) Taskar manhaja: wani kunshin aiki ne da wasu magina manhaja suka riga suka rubuta suka ajiye, domin duk mai gina sabuwar manhaja ya ɗauka ya yi amfani da shi. Kamar magini ne da ya sayi ƙofa da kuba a wurin maƙeri, ya kafa a ginin da yake yi.

(iii) Kadara: duk wani abu da manhaja take ajiye da shi wanda ake iya dubawa ko gyarawa ko gogewa, kamar sakamakon jarrabawar ɗalibi ko takardar fili ko bayanan majiyyaci.

(iv) Ƙa'ida: rubutaccen sharaɗi da yake bayyana wanda aka yarda ya yi wani aiki a kan wata kadara, da yanayin da aka yarda masa ya yi.

A kafofin watsa labarai an saba jin kalmar “manufa” a inda ake zancen tsare-tsaren gwamnati, kuma wasu sukan so a yi amfani da ita a nan. Amma a ra'ayin wannan nazari “ƙa'ida” ta fi dacewa, domin manufa tana nuni ne ga abin da ake son cim ma, ita kuwa ƙa'ida ana iya kiyaye ta, ana kuma iya karya ta. Abin da manhaja take dubawa shi ne ko buƙatar da aka kawo mata ta dace da sharaɗi ko ta saɓa masa.

3.2 Izini a Rayuwar Bahaushe: Misalin Gona

Tsarin izini ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A Balan, kamar sauran ƙauyukan ƙasar Gaya da Ajingi, gona takan shiga hannun mutum ta hanyoyi daban-daban: gado, da saye, da kyauta, da aro, da haya, da jingina. Kowace hanya tana da irin ikon da take bayarwa. Wanda ya gaji gona ko ya saya yana iya nomawa, ya ba da aro, ya jinginar, ko ya sayar. Wanda aka ba aro yana da ikon noma da girbi kawai, ba ya sayarwa, kuma a al'ada ba a yarda ya dasa itatuwa masu daɗewa ba, saboda kada nan gaba a ɗauka gonar tasa ce. Wanda aka jinginar wa yana nomawa har ranar da mai gona ya dawo masa da kuɗinsa, daga ranar ikonsa ya ƙare. Haka kuma bayan an kwashe amfani akan bar makiyaya su shiga da dabbobinsu, amma da damina shigar nan ɓarna ce da take kai mutum gaban mai unguwa ko dagaci.

Idan aka lura da kyau, za a ga abubuwa huɗu a cikin kowane hukunci. Akwai mai neman izini, akwai aikin da yake son yi, akwai kadarar da za a yi aikin a kanta, sannan akwai yanayi, wato lokaci ko sharaɗi. Kasancewar mutum manomi ba ta ba shi ikon noma kowace gona ba. Dangantakarsa da wannan gona ta musamman ita ce take ba shi. Waɗannan abubuwa huɗu su ne kuma ginshiƙan kowace ƙa'idar izini a cikin manhaja.

Har ila yau, ikon masu hukunci kansu yana da iyaka, kuma doka takan sauya iyakar. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da haƙƙin riƙon filaye a karkara. A 2019 gwamnatin jihar Kano ta kafa masarautun Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano. A watan Mayu na 2024 aka soke dokar da ta kafa su, sannan a watan Yuli na wannan shekara aka mayar da Gaya masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. A cikin shekara biyar hurumin sarauta ɗaya ya sauya sau uku. Duk manhajar da take lura da irin wannan hurumi tana bukatar a iya sauya ƙa'idarta cikin sauƙi, ba tare da an rushe ta an sake gini ba.

3.3 Taƙaitaccen Tarihin Fannin

Masana kwamfuta sun daɗe suna tofa albarkacin bakinsu a kan wannan matsala. Lampson (1971) ya kawo tsarin jadawali, inda aka jera masu amfani a gefe, kadarori a sama, a kowace mahaɗa kuma a rubuta abin da wane zai iya yi a kan abu kaza. Tsarin yana da sauƙin fahimta, sai dai idan mutane da kadarori suka yi yawa jadawalin yakan fi ƙarfin mai kula da shi.

Saltzer da Schroeder (1975) sun zayyana wasu ginshiƙai guda takwas na tsaron kwamfuta. Uku daga ciki sun shafi wannan babi kai tsaye. Na farko, a ba kowa mafi ƙarancin ikon da zai ishe shi aikinsa. Na biyu, hani shi ne asali, wato duk abin da ba a ba da izininsa a fili ba to an hana shi. Na uku, a duba izini a kowace buƙata, kada a wadatu da dubawar farko.

Ferraiolo da Kuhn (1992), na hukumar NIST ta Amurka, sun tsara hanyar ba da izini bisa muƙami. A wannan hanya ana rataya iko a kan muƙami, sai a naɗa mutum a muƙamin, kamar yadda ikon dagaci yake tare da rawani: duk wanda aka naɗa ya gaji ikon, wanda aka tuɓe ya rasa shi. Sandhu da abokan aikinsa sun faɗaɗa tsarin a 1996, kuma ya zama ma'aunin ƙasa a Amurka a 2004.

Daga baya aka ga muƙami shi kaɗai ba ya wadatarwa, sai aka koma ga duba siffofin mutum da na kadara da na yanayi gaba ɗaya. A 2003 ƙungiyar OASIS ta fitar da XACML, wani harshe na rubuta ƙa'idoji, a 2014 kuma NIST ta fitar da jagora a kan ba da izini bisa siffofi. A 2019 kamfanin Google ya bayyana tsarinsa mai suna Zanzibar, wanda yake yanke hukunci bisa dangantakar da ke tsakanin mutum da kadara. Wannan na ƙarshe shi ya fi kama da misalin gona da aka kawo a sama.

3.4 Yadda Ƙa'idar Izini Take Aiki

Domin a fahimci dalilin wannan sauyi, a ɗauka an gina wata manhaja ta ajiye sakamakon ɗaliban firamare na ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi. Wannan misali ne kawai don sauƙaƙa bayani. Idan aka dogara ga muƙami kaɗai, aka ce “malami yana iya gyara maki”, to malamin Balan zai iya gyara makin ɗalibin Toranke a ƙasar Ajingi, tun da shi ma malami ne. Idan kuma aka ce a magance wannan ta hanyar ƙirƙiro muƙami ga kowane yanki, sai a faɗa wata matsala. Gaya tana da mazaɓu 10, Ajingi ma 10. Muƙamai 4 kawai a kowace mazaɓa sun zama 80, tun ba a sauko kan makarantu da azuzuwa ba.

Hanyar ƙa'ida tana rage wannan duka zuwa 'yan jimloli:

(a) Malami yana iya gyara makin ɗalibi idan ɗalibin ɗan ajinsa ne, kuma ba a rufe sakamakon zangon ba.

(b) Hedimasta yana iya rufe sakamako idan na makarantarsa ne.

(c) Sakataren ilimi yana iya duba sakamakon kowace makaranta ta ƙaramar hukumarsa, amma ba ya gyarawa.

(d) Uba ko uwa suna iya duba sakamakon 'ya'yansu kawai.

(e) Duk abin da ba a ambata ba an hana.

Idan malami ya danna maɓallin gyara, ga abin da yake faruwa daki-daki. Da farko buƙatarsa takan isa babbar kwamfutar, a tantance shi. Sai manhajar ta ɗauko bayanin ɗalibin da ake magana a kansa. Daga nan wani sashe mai kama da mai gadi ya tsayar da buƙatar, ya miƙa wa sashen hukunci abubuwan nan huɗu: wane ne, me yake son yi, a kan me, a wane hali. Sashen hukunci ya auna su da ƙa'ida ya ce an yarda ko an hana. Idan an hana, yawanci akan mayar wa mai buƙatar da lamba 403, wadda take nufin an san ko wane ne amma ba shi da izini. Ta bambanta da 401, wadda ake mayarwa idan ba a tantance mutum ba tukuna.

Raba mai gadi da mai hukunci shi ne zuciyar wannan tsari. A fada ma dogari yana tsare ƙofa yana zartar da umarni, amma ba shi yake yanke hukunci ba. Amfanin wannan rabuwa shi ne ƙa'idojin suna taruwa a wuri ɗaya, inda za a iya karanta su, a gwada su, a gyara su. Idan aka mayar da wata makaranta ƙarƙashin wani yanki, bayani ɗaya za a sauya, hukunci kuma ya bi shi a duk sassan manhajar.

3.5 Misalan Taskokin Manhaja

Magina manhaja ba sa rubuta wannan tsari daga tushe, sai dai su ɗauko taskar da ta dace da harshen da suke aiki da shi. Ga kaɗan daga cikin fitattu:

Django, wanda aka rubuta da harshen Python, yana zuwa da izini iri huɗu ga kowane rukunin kadara: ƙarawa, da gyarawa, da gogewa, da dubawa. Na dubawa an ƙara shi ne a 2018. Amma wannan izini na rukuni ne baki ɗaya, wato wanda aka ba ikon gyara maki zai iya gyara na kowa. Mai son izini a kan kadara ɗaya tilo sai ya ƙara wata taska kamar django-guardian, ko ya rubuta nasa sharaɗin.

Pundit, ta masu aiki da Ruby on Rails, tana sa a rubuta wa kowane rukunin kadara ƙa'idarsa a wuri na musamman, kowane aiki da tambayarsa mai amsar i ko a'a. Tana kuma da hanyar tace jeri, ta yadda malami zai ga sunayen 'yan ajinsa kawai, da hanyar yin ƙorafi idan magini ya manta bai duba izini ba a wani shafi.

Laravel, na harshen PHP, ya shigo da nasa tsarin a 2015. Yana da ƙananan tambayoyi na gama-gari, da kuma cikakkun ƙa'idoji da ake ɗaura wa kowane rukunin kadara.

ASP.NET Core na kamfanin Microsoft yana gina ƙa'ida daga sharuɗɗa, kowane sharaɗi da mai auna shi. Idan hukunci ya dogara ga kadarar kanta, sai an ɗauko ta tukuna sannan a nemi hukunci.

Open Policy Agent kuwa yana iya zama a wajen manhajar baki ɗaya. Ana rubuta masa ƙa'idoji da harshen Rego, manhajoji da yawa su riƙa tambayarsa. Haka ma Cedar, harshen ƙa'ida da kamfanin Amazon ya sake wa jama'a a 2023.

Bisa ga wannan bayani, za a iya cewa taskokin sun kasu gida biyu: masu ajiye ƙa'ida a cikin manhaja, da masu ajiye ta a waje. Na farko sun fi sauƙi ga ƙaramin aiki, na biyu sun fi dacewa da ma'aikatar da take da manhajoji da yawa masu bin doka ɗaya.

3.6 Misali Daga Gida

Ɗalibin Balan da ya nemi shiga jami'a ya riga ya haɗu da irin wannan rabon iko, ko da bai san sunansa ba. A 2017, zamanin shugabancin Farfesa Is-haq Oloyede, hukumar JAMB ta fara amfani da tsarin CAPS wajen ɗaukar ɗalibai. A wannan tsari kadarar ita ce gurbin karatu, kuma an raba ikon da ke kanta tsakanin hannuwa da dama. Jami'in ɗaukar ɗalibai na makaranta, misali Jami'ar Bayero ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, shi yake gabatar da suna. Shugaban makarantar ya amince, sannan hukumar ta duba ta tabbatar. A ƙarshe ɗalibin da kansa ne yake karɓa ko ya ƙi. Babu wanda yake riƙe da matakan duka, kuma manufar hakan ita ce rage ɗaukar ɗalibai ta bayan fage.

3.7 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce mantuwa. Taska ba ta tsare ƙofar da ba a kafa ta a kanta ba. Sau da yawa magini yakan ɓoye maɓalli daga idon wanda ba shi da izini, ya manta bai tsare adireshin da maɓallin yake kaiwa ba. A 2019 an gano cewa takardu kimanin miliyan 885 na kamfanin First American Financial a Amurka suna buɗe ga duk wanda ya sauya lamba a cikin adireshin shafi, domin manhajar ba ta tambayar ko takardar ta mai dubawa ce. A jerin manyan haɗurra goma da ƙungiyar OWASP ta fitar a 2021, raunin tsare izini shi ne ya zo na ɗaya.

Matsala ta biyu ita ce karon ƙa'idoji. Malami yana iya zama uban ɗalibi a ajin da ba nasa ba, ko kuma hedimasta ya zama yana koyar da aji. Idan wata ƙa'ida ta yarda wata ta hana, dole a tsayar tun farko wadda za ta rinjaya, kuma mafi aminci shi ne hani ya rinjaya.

Matsala ta uku ita ce ikon da ya tsufa. Akan yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, amma a bar masa izininsa na da. Wannan daidai yake da mai jingina da aka biya shi kuɗinsa amma ya ci gaba da noma gonar.

Matsala ta huɗu ta fi shafar karkara. Ɗalibai da yawa ba su da kwamfuta, sai su tafi shagon intanet a gari su miƙa wa mai shago lambar rajista da kalmar sirri. Mai wannan nazari ya sha ganin ana rubuta irin waɗannan kalmomi a cikin littafin shago, inda kowa zai iya karantawa. A irin wannan hali ƙa'ida komai kyanta ba ta da amfani, domin manhaja tana ganin mai shago a matsayin ɗalibin, kuma yana iya karɓa ko ƙin gurbin karatu da sunansa. Al'adar Hausa ta san wakilci, ta kuma san cewa ɗan aike ba ya wuce abin da aka aike shi. Abin da ya kamata magina su tanada shi ne izinin wakili, mai iyakar aiki da iyakar lokaci, ta yadda mai shago zai iya buga takarda amma ba zai iya yanke shawara ba.

Daɗin daɗawa, lamarin ya shiga doka. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa masu riƙe da bayanan jama'a nauyin kare su daga wanda ba shi da izini. Saboda haka makaranta ko asibiti ko ofishin da ya bar bayanan mutane a buɗe yana iya fuskantar tuhuma.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bayyana tsarin ba da izini bisa ƙa'ida, inda aka nuna cewa kowane hukunci yana tsaye ne a kan mai nema, da aiki, da kadara, da yanayi. An nuna yadda fannin ya taso daga jadawali zuwa muƙami, daga muƙami zuwa siffofi da dangantaka, an kuma kawo misalan taskokin da ake amfani da su da matsaloli huɗu da ake fuskanta. Haka kuma an ga cewa kalmomi irin su aro da jingina da hurumi da wakilci suna ɗauke da ma'anonin da fannin yake bukata, don haka za a iya rubuta ƙa'idar izini da Hausa ta yadda hedimasta ko dagaci zai karanta ya ce ta yi daidai ko da gyara. A babi na huɗu za a jera kalmomin fannin, a nazarci hanyoyin da aka bi wajen samar da su, wato aro da ƙirƙira da faɗaɗa ma'ana.